Daga Orangutan zuwa Badak: Koyon Harshen Indunusiya ta Hanyar Namun Dajin da ke Gab da Ƙarewa

Tsakure: Maƙalar ta duba dalilin da ya sa batun kare namun daji ya dace da koyar da ginin kalma a harshen Indunusiya, ta kuma nuna inda dabarar ta gaza.

Mutane da dama sun san wata kalmar Indunusiya ba tare da sun ankara ba. Sunan orangutan, jan gwaggon birin nan na tsibiran Sumatra da Borneo, haɗin kalmomi biyu ne: orang, mutum, da hutan, daji. Mutumin daji ke nan. Bahaushe ba zai sha wahala a nan ba, domin jerin iri ɗaya ne da nasa, suna a gaba, mai fayyace shi a baya. Haka badak jawa yake, karkandar Jawa, wadda ba ta rage a ko'ina ba sai a gandun Ujung Kulon, kuma adadinta bai kai 100 ba. Babirusa na tsibirin Sulawesi kuwa alade ne da barewa a suna guda.

Darasin ƙirga ma daga jikin dabba ya fito. Ba'indunushe ba ya cewa karkanda biyu kai tsaye, sai ya saka ekor, wato wutsiya: dua ekor badak, wutsiya biyu na karkanda. Idan ɗalibi ya karanta cewa orangutan na Tapanuli, wanda sai a 2017 masana suka tabbatar jinsi ne mai zaman kansa, bai kai 800 ekor ba a dajin Batang Toru, ya kama lamba da ma'auni a jimla ɗaya.

Amma babbar ribar tana wajen ɗafi, wanda shi ne ƙashin bayan nahawun harshen, kuma shi ke ba baƙi ciwon kai. Rubutun kare muhalli yana juya saiwoyi kaɗan ne, yana maimaita su da ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya iri-iri. A ɗauki lindung. Daga ita ake samun melindungi, a kare abu; dilindungi, abin da aka kare; pelindung, mai karewa; perlindungan, kariya. Buru ta ba da pemburu, mafarauci, da perburuan liar, farautar da doka ta hana. Ancam ta haifi ancaman, barazana, da terancam punah, mai fuskantar ƙarewa, lafazin da ya hau kan ƙadangaren Komodo a 2021 lokacin da ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta ɗaga matsayin haɗarinsa. Har nason ɗan hanci yana fitowa fili: tangkap ta koma menangkap, kamawa, "t" ta ɓace. Labari ɗaya na kama masu fasa-ƙwaurin tsuntsaye zai iya ɗauke da duk waɗannan sigogi, ɗalibi ya gan su suna aiki maimakon ya haddace jadawali.

Akwai kalmar da ba ta rabuwa da waɗannan labarai: kelapa sawit, kwakwar manja, wadda gonakinta suka cinye dazuzzuka masu yawa a Sumatra da Borneo. Asalin bishiyar Afirka ta Yamma ne, a 1848 aka dasa ta a lambun Bogor na Indunusiya.

Sai dai dabarar tana da iyaka. Wannan harshe na jarida ne da na doka, irin wanda ke cikin Dokar Lamba 5 ta 1990 kan kiyaye albarkatun halitta. A kasuwar Jakarta ana yar da ɗafa-goshin me-, a ce nangkap ko nangkep, a ce nggak a madadin tidak. Ɗalibin da ya tsaya kan labarin karkanda zai iya karanta jaridar Kompas, amma cinikin ɗan acaba ya gagare shi. Sunayen ma ba su tsaya a harshen ƙasa ba: a sassan Sumatra orangutan mawas ne, mutanen tsibirin Komodo kuma ora suke kiran ƙadangarensu. Malamin shirin BIPA, wanda ke koyar da baƙi harshen, zai buƙaci ya haɗa rubutaccen rahoto da hirar baka ta ma'aikatan gandun daji, inda ɗalibi zai ji sigar boko da ta titi a bakin mutum ɗaya.