Daga rasiɗin haraji zuwa asusun haɗin gwiwa

A cikin akwatin ƙarfen da kakana ya bari a gidanmu na Gwarzo akwai wasu ƴan takardu da ya naɗe a tsumma kamar laya. Rasiɗan haraji ne. Bai iya karatun boko ba, amma ya san ranar da aka nemi takardar nan aka rasa, to mai gida zai kwana a hannun dogarai.

A zamanin En'e, kuɗin talaka yana da hanya ɗaya sananniya. Da kaka ta yi, an sayar da gyaɗa da auduga, mai unguwa zai bi gida-gida ya tara, ya miƙa wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya aika baitulmali a birnin Kano. Makiyayi kuma ya biya jangali a kan kowace saniya. Daga wannan kuɗi ake biyan albashin sarakuna da alƙalai da ƴan doka, abin da ya rage a gina ɗakin shan magani ko makarantar elemantare. Dattawa har yau suna ba da labarin waɗanda aka shanya a rana, da waɗanda suka tsere cin rani don kawai su samo kuɗin haraji.

Wannan ƙunci ne ya ba NEPU kasuwa a ƙauyuka bayan kafa ta a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950. Mutane sun fi tuna ta da kukan zaluncin masu sarauta, amma a cikin kukan akwai tambayar lissafi: mun biya, ina asibitinmu, ina rijiyarmu? Manomin da ya sayar da akuyarsa ya biya haraji ba ya bukatar wani ya koya masa cewa kuɗin baitulmali nasa ne.

A 1976 gwamnatin soja ta yi wa ƙananan hukumomi garambawul, ta ba su kaso daga asusun tarayya. A 1979 kuma Abubakar Rimi ya hau mulkin Kano a ƙarƙashin PRP, ya soke haraji da jangali, kamar yadda Balarabe Musa ya yi a Kaduna. Talaka ya sha iska, kuma ban ga mai hankalin da zai yi fatan a koma gidan jiya ba. Sai dai a ganina wani abu ya tsinke a lokacin. Kuɗi ya daina tasowa daga aljihun manomi, ya koma saukowa daga sama, daga man fetur ɗin da bai taɓa gani ba. Sannu a hankali aka fara kiransa "kuɗin gwamnati". In an gina aji biyu, sai a yi ta godiya kamar kyauta aka yi.

Malaman firamare ne suka fara ɗanɗana kuɗarsu. A 1991 gwamnatin Babangida ta rushe hukumar ilimin firamare ta ƙasa, ta jinginar da makarantun a wuyan ƙananan hukumomi. Albashi ya yi ta maƙalewa wata da watanni a sassan ƙasar, ƙungiyar malamai ta NUT ta shiga yajin aiki, har aka dawo da hukumar a 1993. Tun daga nan malamai suka kafe a kan a riƙa cire albashinsu tun daga tushe, kafin kuɗi ya shiga hannun ciyaman. Shi ya sa duk lokacin da ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi ta NULGE ta fito neman ƴancin gashin kai, za ka ga malamai suna ɗari-ɗari. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya.

Tsarin mulkin 1999 ya zo da nasa salon. Sashe na 162 ya ce kason ƙananan hukumomi ya bi ta asusun haɗin gwiwa da ke hannun jiha. A takarda, kashi 20.6 cikin ɗari na kuɗin da ake rabawa nasu ne. A aikace, Gwarzo da Kabo da sauran ƴan uwansu 42 sun koma jiran abin da aka ga dama aka sako musu daga Kano, kusan yadda kakana ya riƙa jiran abin da baitulmali zai dawo da shi. Ba jam'iyya ɗaya ce ta yi wannan ba. Kowacce ta hau ta tarar da asusun, ta kuma ji daɗinsa.

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, kuma kada a ba shugabannin riƙo ko sisi. Aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa. Amma wata guda bayan hukuncin, wani abu ya faru a Kano wanda ya fi burge ni. Bayanan wata kwangilar sayo magunguna da aka ɗora wa ƙananan hukumomi 44 suka ɓulla a kafafen sada zumunta, jama'a suka yi ca, har gwamna ya ce bai san da ita ba, ya umarci hukumar yaƙi da cin hanci ta jiha ta bincika.

Aikina rubuta manhajar kwamfuta ne, kullum cikin lambobi nake. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa tana wallafa abin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma a intanet, wata bayan wata. A hutun sallar da ya wuce na buɗe shafin a wayata a wata majalisa, na nuna layin Gwarzo da na Kabo. Wani dattijo ya sa na karanta masa adadin sau biyu, sannan ya ce in rubuta masa a takarda. Ya ninke ta huɗu, ya cusa a aljihun gaba, ya ce ranar Juma'a ƙungiyar ci gaban garinsu za ta zauna a kan maganar ɗakin haihuwar da rufinsa ke yoyo, kuma kansila zai zo.