Tarihin Ciwon Kumburin Cikin Zuciya

A cikin zuciyar ɗan Adam akwai wata siririyar fata da ta lulluɓe ɗakunanta huɗu da ƙofofin da ke hana jini komawa baya. Idan ƙwayoyin cuta suka biyo jini suka maƙale a jikin ƙofa, musamman wadda ta riga ta sami tabo, sai su cakuɗe da gudan jini su yi tsiro. Tsiron nan yakan cinye ƙofar, yakan kuma ɓantare ya je ya toshe jijiya a ƙwaƙwalwa ko ƙoda.

Masu binciken gawa ne suka fara yin arba da shi. A 1646 Lazare Rivière, likita a Montpellier ta Faransa, ya bayyana tsiron da ya tarar a zuciyar wani mamaci. Jean-Baptiste Bouillaud ya raɗa wa ciwon suna endokaditis a 1835, ya kuma lura cewa yana yawan bin sawun zazzaɓin ciwon gaɓɓai. A 1852 William Kirkes na Landan ya nuna yadda ɓarɓashin tsiron ke yawo cikin jini. William Osler ne ya tattara wannan sani duka a laccocinsa na 1885 a Landan, kuma har gobe ana kiran ƙananan ƙuraje masu zafi da ke fitowa a kan yatsun majinyaci da sunansa.

Sani ya samu, magani babu. Wannan shi ne mafi ɗaci a tarihin ciwon, kuma ya ɗauki kusan shekara sittin. A watan Fabrairun 1911 zazzaɓi ya kwantar da Gustav Mahler, shahararren mai tsara kiɗa ɗan Ostiriya, yana tsakiyar aiki a Niyok. Tun 1907 an riga an ji alamar lahani a ƙofar zuciyarsa. Aka kira Emanuel Libman, gwanin wannan ciwo. Mataimakinsa ya ɗebi jini ya zuba a faranten gwaji, bayan 'yan kwanaki ƙwayoyin sitireptokokus suka tsiro fili. Likitocin sun ga abin da ke kashe shi da idonsu, amma ba su da abin ba shi. Mahler ya roƙi a mai da shi gida, ya rasu a Viyana ranar 18 ga Mayu, yana da shekara 50. A wancan zamani kusan duk wanda ciwon ya kama, haka yake ƙarewa.

Fenisilin ce ta juya al'amarin. A 1944 Leo Loewe da abokan aikinsa a Brooklyn suka ba da rahoton majinyata bakwai a jere da suka warke. A 1965 likitocin jami'ar Duke suka cire ruɓaɓɓiyar ƙofa ana tsakiyar ciwo suka dasa ta roba da ƙarfe, kuma daga wannan jami'a ƙa'idojin gano ciwon suka fito a 1994.

Duk da haka ciwon bai daina kisa ba: wajen mutum ɗaya cikin biyar yakan rasu kafin a sallame shi daga asibiti. A ƙasashe masu arziki ya koma kan tsofaffi, masu ƙofar dashe, masu wankin ƙoda da masu allurar miyagun ƙwayoyi. A yawancin Afirka kuwa matasa yake kamawa, waɗanda ciwon maƙogwaro na ƙuruciya da ba a yi wa magani ba ya riga ya lalata musu ƙofofin zuciya.