Mulkin Shekara Dubu: Saɓanin Kiristoci Kan Daular Almasihu



Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya saba jin zancen bayyanar Mahadi da saukowar Annabi Isa a ƙarshen zamani. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, su ma Kiristoci, ko da yake bakinsu ya zo ɗaya cewa Almasihu zai komo, sun shafe kusan shekara dubu biyu suna jayayya a kan siffar mulkin da zai kafa. Shin mulki ne na nan doron ƙasa, mai birni da ganuwa da gonaki da rumbuna, ko kuwa mulki ne na zuci wanda ido ba ya gani? Maƙasudin wannan lacca shi ne in nuna cewa amsar da suka riƙa bayarwa, sau da yawa, takan bi matsayinsu ne a wajen masu iko.

Tushen maganar yana cikin littafi na ƙarshe na Sabon Alkawari, watau Wahayin Yahaya, wanda aka rubuta a wajejen shekarar 95 miladiyya, lokacin da mai littafin yake tsare a tsibirin Batmusa. A babi na 20 an faɗi cewa za a ɗaure Shaiɗan har shekara dubu, waɗanda aka kashe saboda imaninsu su tashi su yi mulki tare da Almasihu; bayan nan a saki Shaiɗan na ɗan lokaci, sa'an nan a yi hisabi. An ambaci shekara dubun nan sau 6 a cikin 'yan ayoyi, kuma babu wani wuri a Sabon Alkawari da aka sake ƙayyade wannan adadi. A kan waɗannan 'yan ayoyi aka gina duk rigimar.

Da yawa daga malaman farko sun ɗauki maganar bisa zahirinta. Fafiyas, bishof na Hirafolis a ƙasar da ake kira Turkiyya a yau, ya siffanta albarkar wannan zamani da cewa kowace kurangar inabi za ta yi rassa 10,000, kowane reshe ya sake rabuwa haka, har a kai ga ƙwayar inabi guda wadda in an matse ta za ta cika tulu 25. Ƙwayar alkama ɗaya kuwa za ta fid da zangarniya 10,000, namun daji kuma su daina cin juna. Irinayus, bishof na Liyon ta Faransa, shi ya adana mana wannan bayani a wajejen 180, ya kuwa yarda da shi. Hujjarsa tana da ƙarfi: tunda a wannan duniya aka azabtar da bayin Allah, da wannan jiki aka jefa su ga zakoki, adalci shi ne a wannan duniya da wannan jiki su fara karɓar sakamako. Yustinus, wanda aka fille wa kai a birnin Rum wajen 165, ya ce za a sake gina Urushalima a ƙawata ta, amma ya yi adalci ya ƙara da cewa akwai Kiristoci na ƙwarai da yawa da ba su ga haka ba. In mun lura, mutanen nan ba su da sarki ba su da soja, dukiyarsu ana iya ƙwace ta kowace safiya. Mai jin yunwa in ya yi mafarki, tuwo yake gani.

Suka ta fito daga Iskandariya ta Masar, inda falsafar Yunanawa ta yi kaka-gida. Orijin, babban malamin wannan birni, ya ce duk waɗannan siffofi misalai ne, abinci da abin sha na wancan mulki ilimi ne da hikima. Dole in faɗa a nan cewa shi Orijin ba ɗan fada ba ne, an ma azabtar da shi a zamanin Sarki Desiyus wajen 250, saboda haka ba tsoron hukuma ya kai shi ga tawili ba, ra'ayinsa ne na cewa ruhi ya fi jiki daraja. Mutanen karkara ba su karɓa da sauƙi ba. Wani bishof mai suna Nefos ya rubuta raddi ga masu tawili, ƙauyukan Fayum suka bi shi, sai da Diyonisiyus na Iskandariya ya taka da ƙafarsa ya zauna da su kwana 3, safe da yamma, ana muƙabala kafin su sauko.

Abin da hujja ba ta gama ba, siyasa ta ƙarasa shi. A 313 Sarki Kustantin ya ba Kiristoci 'yancin yin addininsu, a 380 kuma Kiristanci ya zama addinin Daular Rum. Bishof-bishof da kakanninsu suke ɓuya a da, yanzu suna cin abinci a teburin sarki. To, yaya za a ci gaba da wa'azin cewa Almasihu na nan tafe ya rushe wannan daula? Yusibiyus, marubucin tarihin coci kuma mai yabon Kustantin, ya waiwayi Fafiyas ya ce mutum ne mai ƙarancin basira.

Wanda ya ɗinke maganar shi ne Agustin, bishof na Hiffo, garin da yake Annaba ta Aljeriya a yau. Bayan da Alarik ya washe birnin Rum a 410, ya shiga rubuta littafinsa Birnin Allah, ya kammala a 426. A ciki ya ce shekara dubun ba lissafi ba ce, kinaya ce ga dukkan zamanin da ke tsakanin zuwan Almasihu na farko da na biyu. An riga an ɗaure Shaiɗan, tashi na farko shi ne tashin rai daga zunubi, mulkin kuwa coci ce da kanta. Bai ɗauki Daular Rum a matsayin mulkin Allah ba, wannan kam ya tsere wa Yusibiyus, amma fassararsa ta rufe ƙofa ga duk mai jiran wani sabon tsari a duniya kafin kiyama. Fiye da shekara dubu malaman Turai a kanta suka tsaya.

Sai dai wutar ba ta mutu ba, tana ci a ƙarƙashin toka, musamman a cikin talakawa. Inda ta fi tashi da muni shi ne birnin Munsta na Jamus a 1534. Wata ƙungiya da ba ta yarda da yi wa jarirai baftisma ba ta karɓe garin, ta ce shi ne Sabuwar Urushalima. Shugabansu, Yan Matis, mai gashin burodi ne daga ƙasar Holan. Aka kori wanda ya ƙi bi, aka ƙone littattafai ban da Littafi Mai Tsarki, aka hana mallakar kuɗi, aka tara dukiya wuri ɗaya. Da bishof mai garin ya kewaye su da yaƙi, Matis ya fita da 'yan mutane kaɗan ranar Ista yana sa ran taimako daga sama, aka yi gunduwa-gunduwa da shi. Wani tela, Yan na Laidin, ya gaje shi, ya naɗa kansa sarki a gadon Dawuda, ya halatta auren mata da yawa, shi kansa ya tara fiye da 10, alhali mutanen gari yunwa tana kashe su. A watan Yuni 1535 aka ci garin, a Janairu 1536 aka kashe shi da manyan mutanensa biyu, aka rataye gawarwakinsu cikin kejin ƙarfe 3 a hasumiyar majami'ar Lambat. Abin lura shi ne sarakunan Katolika da na mabiya Luta, waɗanda ba sa ga maciji, sun haɗa kai wajen wannan yaƙi.

A ƙarni na 18 da na 19 wani ra'ayi na uku ya yi tashe a Ingila da Amurka, cewa wa'azi da ilimi da gyaran al'umma su za su kawo zamanin albarka sannu a hankali, Almasihu ya komo a ƙarshensa. Wannan ra'ayi ne na mutanen da jiragensu suka cika teku. Yaƙin duniya na 1914 ya karya masa gwiwa.

Tun kafin wannan, fassarar zahiri ta riga ta komo da sabuwar riga. Wani malami, Jon Nelson Darbi, wanda ya rasu a 1882, ya koyar da cewa duniya lalacewa za ta yi ta yi, a fyauce masu bi zuwa sama, a yi shekara 7 na tsanani, sa'an nan Almasihu ya sauko ya zauna a Urushalima, a cika wa Yahudawa alkawuran da aka yi wa Ibrahim da Dawuda harafi da harafi. Littafi Mai Tsarki mai sharhin Sikofil, wanda aka buga a 1909, ya kai wannan koyarwa gidajen miliyoyin Amurkawa. A nan ma'aunina ya ɗan gaza, domin waɗannan ba bayin Rum ba ne, 'yan ƙasa mai ƙarfi ne. Abin da suke ji shi ne ilimin zamani ya ƙwace musu jami'o'i da manyan majami'u. Da aka kafa ƙasar Isra'ila a 1948, ta kuma kama gabashin Ƙudus a 1967, sai suka ce ga annabci yana cika, wannan ne ma ɗaya daga dalilan goyon bayan da suke ba ta a siyasar Amurka. Cocin Katolika kuwa ta tsaya kan turbar Agustin, a 1944 ta bayyana cewa koyar da mulkin zahiri na shekara dubu ba shi da aminci.

Akwai inda labarin ya taɓa mu. Yawancin masu jiran saukowar Almasihu kafin shekara dubun sun fahimta daga Linjilar Matiyu cewa ƙarshe ba zai zo ba sai bishara ta kai ga dukkan al'ummai, don haka kowace ƙabila da ba ta ji ba jinkiri ce gare su. Daga cikin irin wannan da'ira samari 3, Gowans da Kent da Bingam, suka sauka Ikko a 1893 da niyyar shiga ƙasar Sudan, watau ƙasarmu. Biyu na farko suka mutu cikin shekara guda, Bingam ya koma gida, ya sake gwadawa, sai a 1902 mishan ɗinsa ya sami kafa tasha ta farko a Pategi, bakin Kwara.