Tarihin Koyon Sana'a a Ƙasar Dutse: Daga Maƙera Zuwa Makarantar Sakandare

Koyon sana'ar hannu a ƙasar Dutse ya girmi karatun boko da ɗaruruwan shekaru. Tun yankin yana ƙarƙashin masarautar Kano, ƙira da saƙa da rini da jima da dukanci gado ne: yaro yakan tashi ya tarar da mahaifinsa a kan sana'a, shi ma ya bi sahu. Wanda bai gada ba, iyayensa kan damƙa shi ga wani gwani, ya zama yaron gida, yana aiki ana ciyar da shi, ba a kuma biyan kuɗin koyo. Kowace sana'a tana da shugabanta, kamar Sarkin Maƙera, wanda ke sasanta rigima da tattara aikin fada.

A maƙera ne tsarin ya fi fitowa fili. Ɗan shekara bakwai ko takwas yakan fara da ɗebo gawayi da jan zugazugi. Wannan aiki kamar ƙarami ne, amma a nan yake koyon gane zafin ƙarfe daga launinsa. Bayan shekaru sai a ba shi awartaki ya riƙe ƙarfe a kan uwar maƙera, daga baya a miƙa masa masaba. Yakan soma da gyaran tsohuwar fartanya kafin a yarda ya ƙera lauje ko garma. Ba a rubuta jarrabawa. Manomin da ya sayi kayansa a kasuwa irin ta Shuwarin, ya dawo baɗi yana neman nasa, shi ne shaidar ƙwarewa. Aikin kuma yana tafiya da shekarar noma: da damina ana gona, da rani ake zama a maƙera da masaƙa, karatun allo kuwa da asuba da dare, don haka ilimi da sana'a ba su taɓa yin karo ba.

Zuwan Turawa ya sauya wannan lissafi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kawo yadin waje da ƙarfen juji mai arha, narkar da tama ta mutu, saƙa ta ja baya. Makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen sana'o'i, amma aikin akawu da malanta shi jama'a suka ga yana da daraja. Sababbin sana'o'i kamar tela da kanikanci da walda sun shigo, suka kuma ɗauki tsohon tsarin ubangida da yaronsa, har da bikin yaye.

Gwamnatin tarayya ta sha ƙoƙarin haɗa aji da wurin aiki. Ta kafa asusun horar da ma'aikatan masana'antu, ITF, a 1971, da hukumar ilimin fasaha, NBTE, a Kaduna a 1977. Tsarin ilimi na 6-3-3-4 da aka fara a 1982 ya tanadi cewa ɗalibin ƙaramar sakandare zai koyi aikin katako da ƙarfe da lantarki. An sayo injuna daga ƙasashen waje, amma da yawa sun ruɓe a cikin akwatunansu saboda rashin wuta da rashin malamai. Wannan asara ce babba, domin manufar kanta mai kyau ce. A 1987 hukumar samar da aikin yi, NDE, ta fara biyan masu sana'a su karɓi matasa, a 1992 kuma aka kafa NABTEB don jarrabawar makarantun fasaha.

Lokacin da aka ƙirƙiri Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991, Dutse ta zama babban birni ba tare da manyan masana'antu ba. Waɗanda 'yan yankin suka saba zuwa, na Bompai da Sharaɗa da Chalawa a Kano, sun riga sun fara durƙushewa. Wannan rashi ya hana a kwaikwayi tsarin Jamus, inda ɗalibi kan raba makonsa tsakanin makaranta da kamfani, ana biyansa alawus, ya fita da takardar da ƙasa ta amince da ita. Irin wannan tsari yana buƙatar kamfanoni masu yawa a kusa, abin da tsakiyar Jigawa ba ta samu ba. Gine-ginen sabon birnin ne suka buɗe kasuwa ga masu walda da kafintoci da masu buga bulo, gwamnatocin jihar kuma suka kafa cibiyoyin koyon sana'a na 'yan watanni.

A yau ɗalibin sakandare da ke son sana'a a Dutse ko Kiyawa ko Birnin Kudu yakan tashi daga makaranta da rana, ya cire kayan makaranta, ya nufi shagon ogansa, inda ake ƙera ƙofofi da tagogi da injinan casa. Yakan shafe shekaru a haka, ya ƙware sosai, amma makarantarsa ba ta lissafa wannan aiki a sakamakonsa, ogan kuma ba shi da takardar da hukumar ɗaukar aiki za ta karɓa daga hannunsa.