Rokar da aka haɗa a gida: Yadda masu sha'awa ke ƙera manyan rokokin gwaji a Amurka

A ranar 25 ga watan Afrilun shekarar 2009, dubban mutane sun taru a wata gona da ke kusa da garin Price a jihar Maryland ta Amurka, domin kallon wata roka da wani mai gyaran jikin motoci, Steve Eves daga jihar Ohio, ya ƙera da hannunsa.

Rokar dai kwaikwayo ce ta Saturn V, wadda ta kai 'yan sama jannatin Amurka duniyar wata a shekarar 1969, sai dai girmanta kashi ɗaya ne cikin goma na ta asali. Duk da haka tsawonta ya kai ƙafa 36, nauyinta kuma ya kusa kilogiram 750. Injina tara ne suka ɗaga ta zuwa nisan ƙafa 4,441, sannan ta rabu gida-gida, ta sauko da laimomi. Babban ɓangarenta a tsaye ya dira.

Mista Eves ba injiniyan hukumar NASA ba ne. Yana cikin dubban mutanen da suka ɗauki ƙera roka a matsayin abin sha'awa, kamar yadda wasu ke kiwon tantabaru ko dawakai.

Asalin abin

Bayan da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan adam na Sputnik a watan Oktoban 1957, matasan Amurka da dama sun shiga haɗa rokoki a bayan gidajensu, suna ɗura sinadarai masu ƙonewa cikin bututun ƙarfe. Wasu sun rasa yatsu, wasu idanu, wasu kuma rayukansu.

Mafitar ta fito ne daga wani mai sayar da takalma a jihar Nebraska, Orville Carlisle, wanda tun 1954 ya ƙirƙiro ƙaramin injin roka da ake amfani da shi sau ɗaya a yar. Ya haɗa kai da G. Harry Stine, wani jami'in kiyaye haɗurra a filin gwajin makamai masu linzami na White Sands, suka kafa ƙungiyar da a yau ake kira NAR a 1957. A 1958 kuma Vernon Estes ya fara ƙera irin waɗannan injina da yawa ta hanyar amfani da na'ura.

Dabarar ita ce a raba aikin biyu: masana'anta ta haɗa injin da makamashinsa, wanda shi ne wurin haɗari, mai sha'awa kuma ya ƙera gangar jikin rokar da abubuwa marasa nauyi. Har yanzu a kan wannan tsari mafi yawansu suke. Saboda haka idan aka ce mutum ya ƙera roka tun daga tushe, galibi ana nufin shi ya zana ta, ya yanka kayanta, ya harhaɗa, ba wai shi ya dama makamashin ba.

Wace ce babbar roka?

Ana rarraba injinan ne da haruffa, kuma kowane harafi ya ninka wanda ya gabace shi ƙarfi sau biyu. Injinan A zuwa G na ƙananan rokoki ne da 'yan makaranta ke harbawa. Daga harafin H ake shiga rukunin manya. Rokar da nauyinta ya haura giram 1,500 ma ta fita daga sahun ƙanana.

Ba a sayar wa kowa waɗannan manyan injina sai wanda ke da shaidar ƙwarewa daga NAR ko kuma ƙungiyar Tripoli. Matakai uku ne. A na farko mutum zai ƙera roka ya harba ta da injin H ko I, ya kuma dawo da ita lafiya a gaban shaidu. Na biyu, wato J zuwa L, yana tattare da rubutacciyar jarrabawa. A na uku, M zuwa O, sai ƙwararru sun duba zanen da yadda aka yi ginin kafin a yarda a harba.

Abin lura shi ne, a duk matakan ba tashi kaɗai ake dubawa ba. Rokar da ta yi sama ta faɗo ta tarwatse, mai ita bai ci jarrabawa ba.

Aikin ginin

Kafin a yanka ko da katako ɗaya, sai an warware batun daidaito. Kowace roka tana da wurare biyu masu muhimmanci: inda nauyinta ya tattaru, da kuma inda ƙarfin iska ke tura ta. Dole na farkon ya kasance gaba da na biyun, ta wajen hanci, da tazarar da ta kai aƙalla faɗin jikin rokar. Idan aka samu akasi, rokar za ta yi ta wulwulawa, ko ta juya ta nufi 'yan kallo. Wani injiniyan NASA, James Barrowman, shi ne ya fito da lissafin gano wannan a shekarun 1960, kuma a yau manhajojin kwamfuta irin su OpenRocket ne ke yin lissafin.

Gangar jikin bututu ce ta kwali mai kauri, ko ta zaren gilashi, ko ta zaren kabon ga masu hali. A cikinta akwai wata ƙaramar bututu da injin ke zama, wadda zobban katako ke riƙe da ita a tsakiya. Idan roka ta yi girma irin ta Mista Eves, babu bututun da za a saya a kasuwa, sai dai a yi mata ƙwarangwal na katako a lulluɓe shi, kusan yadda ake haɗa kwale-kwale.

Fikafikan da ke gindi su ne suka fi ba maƙera wahala. A ƙananan rokoki manna su kawai ake yi a jiki. A manya kuwa ana tsaga jikin ne a zura su har su taɓo bututun injin, a ɗaure da gam mai ƙarfi ta ciki da waje. Dalili shi ne idan roka ta doshi saurin sauti, fiffiken da bai yi ƙwari ba yakan kama karkarwa har ya ɓalle, kuma cikin ƙiftawar ido sauran jikin ke bin sa.

Saukowa

Injin babbar roka daƙiƙoƙi kaɗan yake yi yana ci. Sauran tafiyar duk da ƙarfin wannan turin ake yin ta. Daga nan sai babbar matsalar: yadda abu mai nauyin babur ko fiye zai dawo ƙasa ba tare da ya yi ɓarna ba.

Idan aka buɗe babbar laima tun a ƙololuwa, iska za ta kwashi rokar ta kai ta nisan kilomitoci. Don haka ake sauke ta a mataki biyu. Wata 'yar na'ura da ke auna nisa ta hanyar matsin iska ita ke gane cewa rokar ta daina hawa, sai ta tayar da ɗan albarushin da zai raba jikin ya saki ƙaramar laima. Rokar za ta yi ta saukowa da sauri har sai ya rage 'yan ɗaruruwan ƙafa, sannan babbar laimar ta buɗe. Masu manyan rokoki kan sa na'urori biyu, kowace da batirinta, saboda waya ɗaya da ta kwance ta isa ta mai da aikin shekara biyu tarkace.

Hukuma da doka

Ba a harba babbar roka a Amurka sai da izinin hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama, FAA, wadda ke ƙayyade wuri da lokaci da iyakar nisan da za a kai. Shi ya sa ake yin manyan tarukan a wurare irin su hamadar Black Rock da ke jihar Nevada.

An kuma daɗe ana taƙaddama kan makamashin, wanda dangi ɗaya ne da wanda ke cikin rokokin da suka riƙa ɗaga kumbon Space Shuttle. Hukumar ATF mai kula da bindigogi da abubuwan fashewa ta sanya shi cikin jerin abubuwan fashewa, lamarin da ya tilasta wa masu sha'awar neman lasisi da ma'ajiya ta musamman. A shekarar 2000 ƙungiyoyin biyu suka kai ƙara, suna cewa makamashin ƙonewa yake yi ba fashewa ba. A watan Maris na 2009 wata kotun tarayya ta ba su gaskiya. Wannan hukunci Amurka kaɗai ya shafa. Kowace ƙasa da nata dokokin, kuma a wurare da dama mallakar irin waɗannan sinadarai ba da izini ba babban laifi ne.

Iyakar da aka kai

A ranar 17 ga watan Mayun 2004, wata tawaga ƙarƙashin Ky Michaelson ta harba roka mai suna GoFast daga Black Rock zuwa nisan kimanin kilomita 116. Ita ce ta farko da ba gwamnati ko babban kamfani ya ƙera ba da ta haura kilomita 100, inda ake ɗauka a matsayin farkon sararin samaniya. A watan Oktoban 2024 ɗaliban Jami'ar Kudancin Kalifoniya suka wuce wannan da rokarsu Aftershock II, wadda ta kai kimanin kilomita 143.

Sai dai taɓo sararin samaniya daban, zama a cikinsa daban. Waɗannan rokoki sama suke miƙewa su dawo cikin mintoci. Kafin abu ya shiga kewaya duniya kamar tauraron ɗan adam, sai ya yi gudun kusan kilomita 28,000 cikin sa'a guda, kuma babu wata rokar masu sha'awa da ta kusanci hakan.