Yadda Aka Rarrabe Ɗan Ƙasa Da Baƙo A 1960

A zamanin da, in baƙo ya sauka Burumburum, ko Kiru, ko Bebeji, ba mai tambayarsa takarda. Mai unguwa ya kai shi gaban dagaci, a yanka masa gona, a sa sunansa a littafin haraji, shi ke nan ya zama talakan Sarkin Kano. Haka mutanen Damagaram da Maraɗi suka riƙa zuwa cin rani, waɗansu haƙar kuza a Riruwai, da yawa kuwa ba su koma ba.

Ran 1 ga Oktoba 1960, da Nijeriya ta sami mulkin kai, sai doka ta zo da wani ma'auni dabam. Ta ce wanda aka haifa cikin ƙasan nan kafin wannan rana ɗan ƙasa ne, muddin uwarsa ko ubansa, ko ɗaya cikin kakanninsa, a nan aka haife shi. Wanda bai cika wannan sharaɗi ba, an ba shi shekara biyu ya nemi a rubuta shi. Jaririn da aka haifa daga ran nan kuwa, haihuwa kaɗai ta ishe shi.

To, a duba abin mamaki. Mutum haifaffen Tudun Wada, iyaye da kakanni duk na Damagaram, ya yi shekara ashirin yana biyan haraji, doka ta ce sai ya nema. Ɗansa da ke goye kuwa ya riga shi zama ɗan ƙasa! Ga shi kuma a ƙauye ba a rubuta haihuwa, ba abin dogara sai shaidar dagaci da dattawa.

Wannan sauƙi na haihuwa bai daɗe ba. Tsarin mulki na 1979 ya jingina abin ga asali, ya kuma ce baƙo sai ya zauna shekara 15 kafin ya nemi zama ɗan ƙasa.

Nauyin maganar bai fito sosai ba sai a Janairu 1980, sa'ad da aka ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar Jihar Borno, aka tsallakar da shi Chadi, wai ubansa mutumin can ne. Babbar kotun Maiduguri ta bi asalinsa, ta sami uwarsa 'yar ƙasa ce, ta yanke cewa shi ɗan Nijeriya ne, korarsa kuma ba bisa doka ba.