Tarihin Awon Faɗaɗar Sararin Samaniya

Abin da malaman falaki ke nufi da faɗaɗar sararin samaniya shi ne, manyan gungun taurari da ke warwatse a cikinsa suna ta nisantar juna ba dare ba rana, kuma gwargwadon nisan gungu daga gare mu, gwargwadon saurin ja da bayansa. Miƙdarin wannan sauri shi ake kira adadin Hubble, ana kuwa lissafa shi da kilomita a sakan ɗaya ga kowace megafasek, wato nisan da haske zai ci cikin shekara miliyan 3.26. A kan wannan adadi hisabin shekarun samaniya ya dogara, don haka ya zama mas'alar da aka daɗe ana jayayya a kanta a wannan fanni.

Awon sauri bai taɓa zama abin wahala ƙwarai ba, gama tun daga shekarar 1912 Vesto Slipher, a ɗakin duban taurari na Lowell a Amurka, ya soma gane shi ta yadda hasken abin da ke gudu daga gare mu yake karkata wajen ja. Awon nisa shi ne mushkila. Ƙofarsa ta buɗe ne a hannun wata mace, Henrietta Leavitt ta Harvard, wadda ta tabbatar a 1912 cewa akwai wasu taurari da ake kira Sefid, masu haske ya ƙaru ya ragu bisa ƙa'ida, kuma wanda ya fi jinkirin zagayowa shi ya fi haske a haƙiƙa. Saboda haka in an ƙirga kwanakin zagayowarsa an san ainihin haskensa, in an gwada wannan da ɗan abin da ya iso ga ido, an san nisansa. Da na kusa ake auna na tsakiya, da na tsakiya ake auna na nesa, tamkar isnadin ruwaya, wanda in aka sami mai rauni guda a cikin silsilarsa, duk abin da ya biyo ta hannunsa ya shiga shakka.

A wajen nazari, Alexander Friedmann na Rasha ya nuna a 1922 cewa lissafin Einstein ya yarda da samaniya mai faɗaɗa, sa'an nan Georges Lemaître, wani limamin Kirista ɗan Beljiyam, ya fitar da ƙa'idar a 1927, ko da yake suna ya bi Edwin Hubble, wanda ya kawo hujjar awo a 1929 daga madubin hangen nesa na Dutsen Wilson. Adadin da Hubble ya samu ya kai wajen 500, abin da ya ba samaniya shekara kamar biliyan 2, ƙasa da abin da masana duwatsu suka ƙiyasta wa ƙasar da muke takawa, wannan kuwa muhali ne ga hankali. Sai a 1952 Walter Baade ya bayyana cewa taurarin Sefid iri biyu ne aka cakuɗa, nisa ya ninka, adadin ya faɗo. Daga nan aka shafe shekaru ana ja-in-ja tsakanin Allan Sandage, mai cewa wajen 50, da Gérard de Vaucouleurs, mai cewa wajen 100, har aka harba madubin Hubble sama a 1990, jama'ar Wendy Freedman suka yi aiki da shi, suka fitar da 72 a 2001, da yiwuwar kuskure na 8 sama ko ƙasa. Kafin wannan, a 1998, jama'a biyu masu bin fashewar taurari sun gano cewa faɗaɗar ƙara sauri take yi, aka jingina sababin ga wani ɓoyayyen ƙarfi da ba a san zatinsa ba, aka ba Saul Perlmutter da Brian Schmidt da Adam Riess lambar Nobel a 2011.

Saɓanin zamanin nan ya taso ne daga wata hanya dabam wadda ba ta bi ta kan silsilar taurari ba. Kumbon Planck na Turai, da aka harba a 2009, ya auna daɗaɗɗen hasken da ya cika samaniya tun tana da shekara kamar 380,000, kuma da aka ɗora wannan awo a kan nazarin da jumhurun malamai suka yi ittifaƙi a kansa, aka lissafo zuwa yau, sai ya ba da 67.4 a rahoton 2018, tare da shekarun samaniya biliyan 13.8. Shi kuwa Riess da jama'arsa, ta hanyar Sefid da fashewar taurari, suka tsaya a kan 73 a 2022. Mai karatu zai ce ai bambancin kaɗan ne ga mutanen da suka taɓa yin gardama tsakanin 50 da 100. Amma kowane ɓangare ya tsananta tahƙiƙi har kuskurensa bai fi kusan ɗaya ba, ta yadda ba sauran wurin da adadin biyu za su haɗu.

Da yawa sun kyautata zaton cewa illar tana ga madubin Hubble, wanda jama'ar Riess suka auna taurarin Sefid da shi, kuma zaton yana da dalili. Tauraron Sefid da ke cikin gungu mai nisa ba shi kaɗai yake ba, yana tsakiyar cunkoson wasu taurari ne da ƙura, kuma idan madubi ya kasa rarrabe su, sai hasken maƙwabta ya zuba cikin nasa, a gan shi ya fi yadda yake haske, a ɗauka yana kusa, adadin faɗaɗa ya hau ba bisa haƙƙi ba. Madubin James Webb, wanda aka harba ran 25 ga Disamba 2021 daga Kourou a Giyana ta Faransa, mai faɗin mita 6.5, wanda ke zaune kilomita miliyan 1.5 daga ƙasa yana kallo da hasken da ke bayan ja, wanda ido ba ya gani amma yana ratsa ƙura, shi ne alƙalin da aka jira. Da aka duba taurarin Sefid fiye da 1,000 da shi, har zuwa gungun NGC 5468 mai nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 130, sai sakamakon 2023 da 2024 ya gaskata awon madubin Hubble. A ganina nan ne wannan saɓani ya bambanta da na magabata, domin a dā duk lokacin da aka kawo kayan awo mafi kyau akan kama mai rauni a cikin silsila, a wannan karo kuwa wanda aka fi tuhuma ya fita da adalcinsa, tuhuma ta koma kan nazarin kansa.

Duk da haka ba a yi ijma'i ba. Freedman, wadda yanzu take Jami'ar Chicago, ta yi amfani da Webb ɗin nan wajen auna wasu irin jajayen taurari tsofaffi, ta sami wajen 70, tana ganin har yanzu ana iya sulhunta ɓangarorin ba tare da an rushe komai ba, jama'ar Riess kuwa suna amsa mata da cewa gungun da ta auna ba su da yawa. Ana cikin haka sai na'urar DESI da ke Arizona, wadda a ƙasa take, ta kawo alamu a 2024 da 2025 cewa ɓoyayyen ƙarfin nan mai yiwuwa yana raguwa da tafiyar zamani, alamun da ba su kai matsayin yaƙini ba tukuna, kuma kumbon Euclid na Turai, da aka harba a Yuli 2023, yana kan zana taswirar gungun taurari domin a gwada wannan da'awa da hujja mai zaman kanta.